Cefane a Sifaniya ga Wanda Ya Taso Daga Birtaniya: Abinci, Abin Sha da Taba

Shekara 19 muka yi a Birmingham ni da maigida kafin mu tattara mu koma gaɓar tekun Malaga, saboda sanyin Ingila ya fara shigar masa ƙashi. 'Yan Birtaniya da ke zaune a Sifaniya da takardu sun kai ɗaruruwan dubbai, da yawansu a lardunan Alicante da Malaga, kuma a cikinsu akwai irinmu, waɗanda fasfonsu na Birtaniya ne amma harshensu ya saba da tuwo. Abin da na lura da shi wajen kowa, Bature da baƙar fata, shi ne watannin farko kuɗi suna zurarewa ne a wajen cefane, domin mutum yana neman ya ci gaba da cin abin da ya saba ci a can, daga irin kantin da ya saba shiga. Wannan jagora na rubuta ta ne don ku tsallake asarar da muka yi.

Mataki na farko: tun kafin ku ɗaure akwati

Daga ranar 1 ga Janairun 2021, bayan Birtaniya ta kammala ficewa daga Tarayyar Turai, matafiyin da ya taso daga Ingila, Scotland ko Wales ba shi da izinin shiga Tarayyar da nama ko madara, ko wani abinci da aka yi da su. Ba ruwan doka da ko dafaffe ne, ko na gwangwani ne, ko guzurin hanya ne. A makonnin farko na dokar, jami'an kwastan na Holan sun karɓe har burodin da direbobin manyan motoci suka cusa wa nama don ci a hanya. Cukun da Turawa ke kira cheddar, tsiran Ingila na kanti, bota, Bovril wanda ruwan naman sa ne, duk ba sa wucewa. Haka kilishi da dambun nama da man shanu, ko daga Birmingham kuka ɗauko su ko daga Kano. Zuwanmu na farko an buɗe mana jaka a filin jirgi, aka ɗauke kilishin da ƙanwata ta aiko min da cuku kilo biyu. Har yau ina jin zafin kilishin nan, don na san wahalar da ta sha kafin ya iso hannuna.

Akwai abin da aka yi wa sassauci. Madarar jarirai ta gari da abincin jarirai da abincin marar lafiya na musamman suna wucewa idan ba su haura kilo 2 ba, kuma suna cikin mazubinsu na kamfani. Zuma ma kilo 2. Kifi, busasshe ko banda, har kilo 20. Ɗanyun kayan marmari da na lambu kuwa sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, in ban da ayaba, dabino, abarba, kwakwa da durian.

To me ya cancanci wuri a akwati? A ganina ganyen shayi ne kan gaba, sai Marmite ga masu sonsa tunda ba nama a cikinsa, sai garin kwastad da kayan ƙamshin girki da kuka saba da su. Sauran wurin ku bar wa tufafi. Ku tuna kuma jimillar sabbin kayan da kuka shigo da su ta jirgin sama ko na ruwa kada ta wuce yuro 430, ta mota kuma yuro 300, in ba haka ba akwai haraji.

Mataki na biyu: ku koyi agogon garin

Wannan ba ya ɗaukar lokaci, amma wanda bai koya ba zai kwana da yunwa ranar Lahadi. Ƙananan shaguna suna rufewa wajen ƙarfe 2 na rana, sai wajen 5 su sake buɗewa. Manyan kantuna ba sa wannan hutu, amma yawancinsu, musamman Mercadona, a rufe suke ranar Lahadi, sai dai a garuruwan 'yan yawon buɗe ido lokacin bazara. Ranakun hutu kuma hawa uku ne: na ƙasa, na yanki, da na garinku kaɗai. Ku karɓi kalandar ƙaramar hukumarku ku liƙa a jikin firji. Kifi kuwa kada ku neme shi ranar Litinin, domin masunta ba sa fita Lahadi, teburan masu kifi da yawa a kasuwa a rufe za ku same su.

Mataki na uku: ku raba cefanen gida uku

A Ingila mun saba da shiga kanti ɗaya ranar Asabar mu fito da komai. A nan wanda ya yi haka ya biya da tsada kuma ya ci abin da bai kai ba.

Kaso na farko na babban kanti ne: sabulu, omo, shinkafa, taliya, man girki, ƙwai, madara. Mercadona, wanda asalinsa na Valencia ne, shi ya fi yawa, kuma kayan da yake yi da sunan Hacendado suna da kyau da araha. Akwai Lidl da Aldi da kuka sani tun can, akwai Dia da Consum, sai manya irin Carrefour da Alcampo a bayan gari, waɗanda suke ware kanta guda ta kayan ƙasashen waje. Ku riƙe tsabar yuro ɗaya ko santi 50 don ciro keken zuba kaya, ku zo da jakarku domin tun 2018 ake sayar da leda. A wajen kayan lambu akwai safar hannu ta leda a rataye. Ku sa ta kafin ku taɓa tumatir, don tsofaffin matan garin ba sa ganin mutum ya taɓa da hannu su yi shiru. A wasu kantunan ku ne za ku ɗora a sikeli ku liƙa farashi kafin ku isa wurin biya.

Kaso na biyu na kasuwa ne, kuma nan zuciyata take. Kusan kowane gari yana da rufaffiyar kasuwarsa ta hukuma, kamar Atarazanas a Malaga da Mercado Central a Alicante, sannan da kasuwar mako da ake kafawa a fili, wadda suke kira mercadillo: Talata a Fuengirola, Juma'a a Torrevieja. Duk wanda ya tashi a inda kasuwa ke ci ranar da aka sani ba zai ji baƙunta ba. Bambancin shi ne ba a taya kayan abinci. Farashin da aka rubuta a allo shi ne. Sai dai idan mai tebur ya saba da fuskarku, zai jefa muku gyara, ɗan faski ko lemon tsami biyu, kuma dab da tashin kasuwa wajen ƙarfe 1 da rabi farashi yana sauka. Ba a yin layi a miƙe. Idan kun iso ku tambaya, “¿Quién es el último?”, wato wane ne na ƙarshe, wanda ya amsa shi za ku bi. Awo da kilo ne: “medio kilo” rabin kilo, “un cuarto” giram 250, “cuarto y mitad” giram 375. Laba ɗaya ta Ingila giram 454 ce, don haka wanda ya saba sayen laba ya ce rabin kilo ya huta.

Ku ci abin da ke yayi. Lemon zaƙi da sanyi, sitiroberi na Huelva daga Fabrairu zuwa Mayu, kankana da bazara, mangwaron yankin Axarquía da ke gabashin Malaga a Satumba da Oktoba. Tumatirin da muke saye a Birmingham cikin Janairu, da yawansa daga rumfunan ledar Almería ya fito, bayan kwanaki a mota. A nan kuna kusa da gonar.

Kaso na uku na shagunan baƙi ne. Mahautan halal, waɗanda akasari 'yan Maroko ne, suna kusan kowane gari a gaɓar teku. Ku nemi allon da aka rubuta “carnicería halal”. Wurinsu akwai rago da sa da kaza, da garin semolina da ke yin tuwo mai kyau, da dabino da na'ana'a da kanumfari da citta. Shagunan 'yan Latin Amurka suna da rogo da suke kira yuca, doya da suke kira ñame, agada da suke kira plátano macho, zoɓo da sunan flor de Jamaica, da tsamiya. Shagunan 'yan Senegal da 'yan Najeriya a manyan garuruwa suna da manja da kuɓewa da attarugu. Farin wake mai baƙin ido sunansa alubia carilla. Don tuwon shinkafa kuma ba sai kun je ko'ina ba: gajeriyar shinkafar nan mai suna arroz redondo da ke kowane kanti tana tuƙuwa luƙui.

Kantunan kayan Ingila fa? Suna nan birjik a duk inda Turawan suka taru, har da masu sayar da kayan kantin Iceland na Birtaniya, kuma akwai Morrisons a Jibralta. Ba na hana kowa shiga. Amma kowane gwangwani a ciki ya biya kuɗin mota da na takardun kan iyaka, kuma ku ne za ku biya. Shawarata ku rubuta abu biyar da ba za ku iya rabuwa da su ba, ku je sau ɗaya a wata, ku sayi su kaɗai ku fito.

Mataki na huɗu: karanta bayan kwali

A nan zan daɗe, domin ga Musulmi wannan ya fi komai. A Birtaniya an saba da ganin alamar masu cin ganyayyaki a kan biskit da kek, mutum ya ɗauka hankali kwance. A Sifaniya alade yana cikin abincin yau da kullum ta hanyoyin da ba za ku zata ba, kuma alamar ba ta yawaita haka.

Ku haddace waɗannan kalmomi: cerdo da porcino, alade ke nan, jamón, cinyarsa da aka busar, tocino da panceta, kitse da tantaƙwashinsa, chorizo, salchichón, morcilla, lomo, duk danginsa ne. Wadda ta fi yaudarar mutane ita ce manteca, wato man alade, saboda ta yi kama da mantequilla, wadda ita ce bota ta madarar saniya. Ana zuba manteca de cerdo a wasu burodi da kayan fulawa, a ensaimada ta Mallorca, da kuma mantecados da polvorones da ke cika kantuna lokacin Kirsimeti, waɗanda maƙwabta za su kawo muku da zuciya ɗaya. Niƙaƙƙen nama idan an rubuta “mixta”, sa ne haɗe da alade. Gwangwanin wake ko na adas da aka riga aka dafa sau da yawa da chorizo a ciki. Romon kwali mai suna caldo, ko da hoton kaza ne a gaba, ku juya ku duba ko an sa ƙashin jamón. Gelatina a alewar yara da wasu kayan zaƙi galibi ta alade ce in ba a faɗi akasin haka ba. Har yankakken naman talotalo na cikin leda sai an duba.

A gidan abinci, cewa “ba na cin nama” ba ya wadatarwa, don mutane da yawa ba sa lissafa ɗan yayyafin jamón a kan kayan lambu a matsayin nama. Ku ce “sin cerdo, sin jamón”, ku kuma tambaya ko an dafa da vino, wato giyar inabi. Akwai cibiyar Instituto Halal da ke Kordoba mai ba da shaidar halal, za ku ga tambarinta a kan wasu kaya.

Sai kwanan wata. “Fecha de caducidad” ita ce ranar da bayanta ba a ci. “Consumir preferentemente antes de” kuwa tana nufin ya fi daɗi kafin ranar. Farashi kuma da waƙafi ake rubuta shi: 2,50 yuro biyu da rabi ne.

Mataki na biyar: ƙananan abubuwan da ke ɗaure kai

Madarar da ta cika kanta a nan mai daɗewa ce ta kwali, wadda ba ta buƙatar firji sai an buɗe. Mai son irin ta Ingila ya nemi “leche fresca” a firji, ɗan wuri kaɗan ake ba ta. Entera mai cikakken maiƙo ce, semidesnatada rabi, desnatada marar maiƙo. Fulawar kek mai haɗe da sinadarin kumburi ba ta yawaita. Ku sayi harina de trigo ku haɗa da levadura química, ita ce bakin hoda. Ta burodi da fanke ita ce harina de fuerza, yis ɗinsa kuma levadura de panadería. Ganyen shayin nan bai kai na can kauri ba, shi ya sa na ce ku cika akwati da shi.

Maganin ciwon kai ba a sayar da shi a kantin cefane kamar yadda ake yi a Ingila. Ko farasitamol ne sai a kantin magani mai koren gicciye.

Game da haraji, a Birtaniya yawancin abinci ba a ɗora masa harajin saye. A nan akwai shi hawa uku: kashi 4 cikin 100 a kan burodi, madara, ƙwai, cuku da kayan lambu, kashi 10 a kan nama da kifi da saura, kashi 21 a kan giya, taba da lemon kwalba mai sukari. Yana cikin farashin da kuke gani, kuma rasit yana nuna shi.

Mataki na shida: abin sha

Ruwan famfo yana shawuwa, amma a gaɓar Bahar Rum yana da nauyi da ɗanɗanon farar ƙasa, kuma yana kashe butar lantarki da wuri. Mutane da yawa suna sayen jarka mai lita 5 ko 8. Mu mun sa matata a famfon kicin, ta fi sauƙi ga bayan dattijo da aljihunsa. Tun 2022 doka ta wajabta wa gidajen abinci su ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema. Ku ce “agua del grifo”.

Ranar da na fara kurɓar horchata sai da na ajiye kofin na dubi maigida, domin kunun aya ne sak. Suna kiran aya chufa, ana nomanta a kewayen Alboraya kusa da Valencia, kuma Sifaniya tana ƙara da wadda take sayowa daga Nijar da maƙwabtanta. Ta kwali tana kowane kanti, amma sabuwa mai sanyi a shagon da ake yin ta ita ce ta gaske. Ana sayar da busasshiyar ayar ma, ga mai son ya jiƙa ya markaɗa da dabino a gida.

Giya ba ta shiga gidana, amma wajibi ne in yi bayaninta, saboda masu gudunta da kuma maƙwabta da abokan aiki da ke sha. Ga mai gudu: kwalbar da aka rubuta “sin” kaɗai tana iya ɗaukar barasa ƙasa da kashi 1 cikin 100, wadda aka rubuta 0,0 ce aka cire wa. Mosto ruwan inabi ne da bai zama giya ba, amma a wasu sassan Andalus ana kiran sabuwar giya da wannan suna, don haka ku tambaya. Ga masu sha: arahar giya a nan ta lalata Turawa da yawa da suka zo hutun tsufa, na ga haka da idona a unguwarmu, kuma abin yana ba ni tausayi ƙwarai. Shekarun saye 18 ne. Garuruwa da yawa suna cin tarar mai sha a titi, kuma a Magaluf da Playa de Palma da Sant Antoni, wuraren 'yan yawon buɗe ido a tsibiran Mallorca da Ibiza, an hana shaguna sayarwa daga 9:30 na dare zuwa 8 na safe. Iyakar barasa a jinin direba giram 0.5 ce a lita, ƙasa da 0.8 ta Ingila, ga shi kuma a nan ba a cika auna abin da ake tsiyayawa a kofi ba.

Mataki na bakwai: taba

Babban kanti ba ya sayar da taba a Sifaniya. Ana sayenta a shago mai lasisin gwamnati da ake kira estanco, mai allo ruwan ƙasa da rawaya an rubuta Tabacos. Farashi ɗaya ne a duk estanco na babban yankin ƙasar, domin a jaridar gwamnati ake wallafa shi, saboda haka yawon neman araha ɓata lokaci ne. Na'urar sayar da taba da ke cikin mashaya tana ɗora ɗan ƙari. A estanco ɗin ne kuma ake samun kan sarki na wasiƙa, a wasu garuruwan har da katin bas, don haka ko marar shan taba zai shiga.

Kwali mai kara 20 bai kai rabin kuɗinsa na Ingila ba, kuma nan haɗarin yake. Na san waɗanda tsada ta sa suka rage a can, suka zo nan suka koma kwali biyu a rana. Idan kuna da niyyar bari, makon ƙaura lokaci ne mai kyau, tunda duk al'adun yini sun riga sun wargaje. Likitan unguwa da kantin magani suna taimakawa. Tun Janairun 2011 an hana sha a cikin mashaya da gidajen abinci, da harabar asibiti, da filin wasan yara, kuma rairayin bakin teku da yawa yanzu sun kafa allon hani. Sayen taba ta intanet haramun ne a dokar ƙasar. Wadda ake tallatawa a ɓoye da araha ta fasa-ƙwauri ce, ku nisance ta. Tsibiran Kanari suna da tsarin harajinsu daban, shi ya sa wanda ya taso daga can zuwa babban yankin kara 200 kawai aka yarda ya riƙo.

Wurin biya

Idan da katin bankin Birtaniya kuke biya, na'ura za ta tambaya ko fam ko yuro. Ku zaɓi yuro kullum, domin canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi na bankinku tsada. A kasuwar mako ku riƙe tsaba.

Mataki na ƙarshe: zuwa hutu da aike

Mai shiga Birtaniya daga nan yana da izinin kara 200 na sigari, ko giram 250 na tabar naɗi, ko sigar manya 50. Giya kuma lita 42 ta sha'ir, lita 18 ta inabi, da lita 4 ta mai ƙarfi. Sauran kaya kada su wuce fam 390. Abu biyu mutane ke mantawa: miji da mata ba sa haɗa kasonsu ya zama na mutum ɗaya, kuma wanda ya haura iyaka zai biya haraji a kan dukkan kayan wannan rukunin, ba rarar kaɗai ba. Dole kayan su zama na amfaninku ko kyauta. Karɓar kuɗin wani don ku riƙo masa taba laifi ne, komai kusancinku. A dawowa Sifaniya sigari kara 200 ne, mai ƙarfi lita 1, ta inabi lita 4, ta sha'ir lita 16, kuma wanda bai kai shekara 17 ba ba shi da kaso ta kowane ɓangare.

A Afrilun 2025 Birtaniya ma ta hana matafiya shigo da naman sa, tumaki, awaki da alade, da madara da cuku daga Tarayyar Turai, saboda cutar dabbobi ta baki da kofato. Kafin ku sayi cukun manchego na tsaraba, ku buɗe shafin gwamnatin Birtaniya a makon tafiyar ku ga inda dokar ta tsaya. Man zaitun da zafaran da almond su na fi kai wa 'ya'yana, a jakar da ake aunawa.

Idan 'yan'uwa a can suka ce za su aiko muku da kaya ta gidan waya, ku gaya musu dokar nama da madara ta shafi ƙunshin aike ma. Kyauta daga mutum zuwa mutum ba ta biyan haraji idan darajarta ba ta wuce yuro 45 ba. Su rubuta a takardar kwastan cewa kyauta ce, su lissafa abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya da kuɗinsa, su kuma sa lambar wayarku ta Sifaniya a jikin kwalin.